Gidan da Na Saya da Sunan Auta

Litinin, 3 ga Fabrairu

Banki na uku ke nan. Na sa mayafina mai kyau, na ɗauki jakar rasitai kamar mai zuwa kotu. Jami'in rancen gida wani siriri ne mai gilashi, bakinsa kamar zuma. Ya ce in kawo takardar albashi. Na ce ni nake biyan kaina albashi, shekara goma sha tara ina ɗinkin labule da zannuwan gado. Ya ce to bayanin shige da ficen kuɗi na asusuna, na shekara guda ko biyu. Na ce kuɗina a hannu suke shigowa, a hannu suke tafiya wajen masu yadi. Sai katin shaida. Nan ma babu. Sau huɗu ina zuwa ofishin yin katin, na'urarsu ta ƙi karanta yatsuna, wai allura da yadi sun cinye zanen. Ya leƙa tafin hannuna ya ce, "Ayya." Jakar rasitan kuwa ko zif ɗinta bai taɓa ba.

Gidan da nake so yana bayan layin masu katako. Ɗaki biyu da falo, tsakar gida ɗan mitsitsi, taga biyar. Na ƙirga. Tagogin mutane da na auna sun fi dubu, tawa ko ɗaya babu. Mai gidan ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mai Katifa, maƙwabcin shagona, ya ce in je in ranto yatsun wata malalaciya. Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Mun haɗu a ɗakin Inna. Ina cikin ba ta labari ƙanina Auta ya ajiye wayarsa ya ce, "Haba Yaya, ina raye za ki riƙa yawon bankuna?" Shi yana da albashi, yana da kati, yana da duk takardun da suke so. Ya ce a ci bashin da sunansa, ni in riƙa biya. In katina ya fito, asusun da zan buɗe ya yi shekara, sai a mayar da gidan sunana. Kafin nan mu je wajen lauya mu rubuta gaskiyar magana.

Wallahi hawaye ne suka zo mini. Yaron da na goya, na wanke wa kashi, na biya wa makaranta da kuɗin labule tun Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Inna ta ɗaga hannu tana ta sa masa albarka. Na ce a raina, ashe wahalata ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mai Gilashi ya danna na'urar lissafinsa ya ce albashin Auta bai kai ba. Sai ya waiga, ya rage murya, ya ce akwai dabarar da kowa ke yi. A rubuta takardar haya, a nuna cewa ni zan kama hayar gidan a hannun Auta, kuɗin hayar daidai da abin da za a riƙa biyan banki duk wata. Banki zai lissafa shi cikin abin da Auta ke samu. Ya ce in buɗe asusu, duk wata in tura wa Auta, a wajen bayani in rubuta "haya". Takarda ce kawai, in ji shi.

Na sa hannu a wuri uku. Da muka fito Auta ya ce, "Daga yau ki riƙa gaishe ni da ladabi, 'yar haya." Na maka masa jaka a baya, muka yi ta dariya a bakin titi kamar yara.

Kuɗin kafin alƙalami ma sai da suka bi ta asusunsa, don dole a ga daga wajensa suka fito. Ajiyata ce kaf, da kuɗin keken ɗinkina na biyu, da na 'yan kunnen da nake cewa na 'yata ne in ta girma. A leda na miƙa masa su.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun tare! Tun kafin a shigo da gado na hau kujera na rataya labulen falo. Ruwan ƙasa mai ratsin zinariya, yadin da nake hana kaina shekara uku. 'Yata ta zagaya ɗakinta ta dawo ta ce, "Mama, a nan in na buga ƙusa ba wanda zai yi faɗa ko?" Na ce buga goma.

Ƙafafuna ciwo, bayana ciwo. Ban damu ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Yau ma ba mu je wajen lauya ba. Wancan makon taro ne a ofishin su Auta, wannan makon ciwon haƙori. Mai Katifa ya ce, "Ke dai ki matsa a rubuta." Na ce masa ƙanina ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya, ba wani ɗan kasuwa irinka ba. Ya ɗaga hannu biyu ya koma cikin katifunsa. Na ɗan yi masa tsawa fiye da kima, gobe zan kai masa shayi.

Talata, 2 ga Satumba

Auta ya kira, wai banki ya ƙara kuɗin ruwa, abin da zan riƙa turawa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kashi ɗaya cikin uku! Na zagi banki, na zagi Mai Gilashi da gilashinsa. Auta ya ce in yi haƙuri, haka suke yi wa kowa, shi ya sa ma ya kawo mini takardar nan wancan watan. Na tuna. Ya shigo shago ina tsakiyar yanka, mata uku a kaina, allurai a bakina, ya ce sabunta takardar banki ce. Na sa hannu a kan teburin yanka, ko zama bai yi ba.

Na karɓi aikin labulen wani masauki, ɗaki ashirin da biyu. Da ba zan karɓa ba, ba sa biya da wuri.

Laraba, 29 ga Oktoba

Auta ya yi mota. Ya zo har shago ya ɗauke ni da bandir biyu na yadi, na zauna a gaba ina ta yi masa addu'a. Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Katina ya fito. Wata ma'aikaciya ce ta ce in huta da ɗinki kwana goma ina shafa mai. Kwana goma ba keke, kamar in yi hauka. Da na koma, duk yatsun suka ƙi sai ɗan ƙaramin na hagu, wanda bai taɓa tsinana komai ba a rayuwarsa. Shi ya cece ni.

Asusuna ma gobe yake cika shekara. Ban gaya wa Auta ba. So nake in je banki in ji yadda ake mayar da suna, in zo masa da fom a hannu ya sha mamaki.

Litinin, 9 ga Maris

An canja wa Mai Gilashi reshe. Wata yarinya na samu a kujerarsa, mai hankali. Na ajiye katina a gabanta ina jin kaina. Ta buɗo fayil ta ce, "Au, ke ce mai hayar gidan?" Na yi dariya na ce eh to, a takarda. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce maganar canja suna sai mai gidan ya zo da kansa, kuma ko ya zo, ba abin da zai yiwu sai an gama biyan bashin duka biyu.

Na ce wane biyu?

Ta gane ta yi suɓul da baka. Na ce, "'Yata, dubi girman Allah ki gaya mini, ni nake biya." Ta ce ba ta da ikon buɗe mini asusun wani, amma takardar da ke da sa hannuna ina da haƙƙin gani. Ta juyo mini da ita. Sabuwar takardar haya, ta watan Agusta, an ƙara kuɗin hayar da kashi ɗaya cikin uku. Ga hannuna a ƙasa, a karkace, yadda na sa shi a kan teburin yanka. Da ita ya nuna samunsa ya ƙaru, ya ƙara cin wani bashin a kan gidan. Na tambaye ta ko an ƙara kuɗin ruwa bara. Ta girgiza kai.

Ban san yadda na iso shago ba. Na zauna a gaban keke har la'asar ban zura zare ba.

Talata, 10 ga Maris

Ashe da bashi na biyun ya sayi motar. A kujerar gaba na zauna ranar. Ina yi masa addu'a.

Lahadi, 15 ga Maris

Ɗakin Inna. Na yi niyyar in yi magana a hankali, ban iya ba. Na ce, "Auta, motar nan wa yake biyanta?" Ya sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce. Ashe shiri yake. Ya ɗago ya shafa wa idonsa toka ya ce shi fa sunansa ya ba ni aro, shekara ashirin ba zai iya cin bashin nasa gidan ba saboda ni, to don ya ɗan mori abin shi ne laifi? Wai da niyyar ya riƙa mayar mini yake, abubuwa ne suka cushe.

Na ce na ji, mu je wajen lauya gobe a rubuta gidan nawa ne. Ya ce, "Yaya, in na rubuta haka, na rubuta da hannuna cewa na yi wa banki ƙarya. Aikina kike so ya tafi?" Na ce to yaushe? Ya ce a bar takardar da ke akwai yadda take tukuna.

Na juya wajen Inna ina jiran ta tsawata masa. Sai ta kama gyara bakin zaninta. Ta ce gidan ƙanina ai gidana ne, wa zai kore ni, kada in tona mana asiri a duniya. Na ce, "Inna, kin sani?" Ta ce ya faɗa mata tun lokacin, ita ta ce kada a gaya mini don na cika zafi.

Na Auta ya yi mini ciwo. Na Inna kuwa ban san sunan da zan ba shi ba. Wata bakwai ina zuwa duk Lahadi da ledar magungunanta, ina ba ta labarin yadda bayana ke ciwo saboda ɗaki ashirin da biyu, tana ce mini sannu.

Na ɗauki takalmina a hannu, sai a waje na sa.

Alhamis, 19 ga Maris

Na je wajen lauya ni kaɗai. Dattijo ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya duba wayata. Ya ce duk abin da na tura, da hannuna na rubuta "haya". Kuɗin kafin alƙalami a leda, ba shaida sai Inna. Na ce a cire Inna. Ya ce ana iya shiga kotu, amma sai na fara faɗa da bakina cewa mun shirya takardar ƙarya, kuma banki na iya neman kuɗinsa gaba ɗaya ya sa gidan a kasuwa. Ya ce in je in yi tunani. Bai karɓi ko sisi ba, abin da ya ƙara karya mini zuciya ke nan.

Mai Katifa bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa masifa.

Asabar, 28 ga Maris

Na tura na wannan watan, har da na motar. In ban tura ba gidan za a ɗauka, ba motar ba. 'Yata ta ga fuskata ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce kaina ke ciwo. Tana ta shirin fentin ɗakinta in an yi hutu, ta ma zaɓi launi.

Inna ta aiko wai tana nemana. Na aika mata da magungunanta.

Laraba, 13 ga Mayu

Ruwa aka yi tun safe. Na dawo cin abincin rana na tarar rufin falo yana yoyo ta kusurwar gabas, har ya jiƙa kafet. Kafinta yana nan layin gabanmu, kiran minti ɗaya ne, kuma kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba. Na ɗauko waya zan kira shi, sai na tsaya. Gyaran rufi ai na mai gida ne, ba na 'yar haya ba. Na je na ɗauko bokiti na tara.

Na rubuta wa Auta saƙo: "Rufin falo yana yoyo. A turo mai gyara."

Ya kira sau uku ban ɗauka ba. Can ya rubuto, "Yaya, haka muka koma?"

Ba fushi nake ba. Ni dai na gaji ne, kuma hannuna da aiki. Na ce wa 'yata ta dakata da maganar fenti tukuna. Bokitin ya cika sau biyu, na zubar, na mayar da shi wurinsa.