Layina a Gonar Masakwa

Abbaganaram, Maiduguri.

Zuwa ga Goggo Ammatullahi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa, da fatan ke da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara miki lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, Baba ma ya gama gyaran katangar da ambaliya ta rusa.

Goggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na son tahowa Fatakwal. Duk sanda kika ce a waya in koma wurinki da karatu, “to” kawai nake iya cewa, kunya ta toshe sauran. Na san tausayina kike ji da kika ce yarinya irina bushewa za ta yi a garin ƙaya da rana.

’Yan gida sun ɗauka ina bin Kaka Babakura gona ne don in samu inuwar karanta littattafaina na soyayya. Da farko haka ne kam. Amma da ruwa ya janye Kaka ya fara dashen masakwa, dawar nan ta rani, sai na ajiye littafin. Na ga ya datse ganyenta da saiwarta, ya huda baƙar ƙasa da sanda, ya zuba ruwa ludayi guda, ya soka ta, ya wuce. Na tambaye shi yaushe za a sake ba ta ruwa, ya yi dariya ya ce har girbi babu, ita za ta bi damshin da ƙasa ta ɓoye. Ya ba ni layi guda, wai in gani ko hannun juya takarda zai iya.

Makon farko masakwar tawa ta kwanta, na yi kuka a ɓoye. Yanzu ƙasar ta tsattsage har ƙafata na shiga, amma layina kore shar, zangarniya sai rangaji take kamar amare. Kaka har maƙwabtan gona yake kira su gani. A littattafaina masoya cikin lambun furanni suke haɗuwa, amma wallahi babu lambun da ya taɓa sa gabana faɗuwa haka. Don Allah ki bar ni in gama makaranta a nan, kusa da shi.

Ki gaishe min da Baba Umar Faruk da Siddiƙa da auta Khairunnisa. Ga Yaya Tahir can yana ɗaure jakarsa zai tafi tasha. Na so in yaga takardar nan, amma a’a. Yanzu zan miƙa masa ya kawo miki.

’Yarki,
Muhsinat