Gidanmu na Small Heath Ba Ya Cikin Lissafinku

Zuwa ga Shugaban Sashen Koke-koke na bankin da ya ba mu bashin gida,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙata ta Turanci tana ofishinku. Wannan ta Hausa na rubuta ta ne don 'yan uwa da ke zaune shiru da irin ciwonmu.

Na ɗaya. Ni da maigidana, Abban Husna, mun ci bashi a wurinku muka sayi ƙaramin gida a unguwar Small Heath. Tsarin da kuke kira tracker muka sa wa hannu: in kuɗin ruwan babban bankin ƙasa ya sauka, namu ya sauka. Nasu ya sauka, namu ya hau. Kun mai da mu wani tsari ba tare da izininmu ba.

Na biyu. Wasiƙarku ta ce ba mu taɓa kawo ƙara ba a lokacin da kuɗin ke hawa. Gaskiya ne, ga dalili. Bashi mai ruwa ne, mun ɓoye shi ga iyayenmu, mun ɓoye shi ga mutanen masallaci. Duk watan da kuɗin ya ƙaru, maigidana sai ya ɗauka hukuncin Allah ne a kanmu, ya ƙara istigfari, ya ƙara awannin aiki. Wa zai kai ƙarar hukuncin Allah banki? Shekara uku muna haka, har muka sayar da gidan a gaggauce, muka koma haya a ɗaki ɗaya kusa da Oxford Road a Manchester, inda ya samu aikin asibiti.

Ana yi mini dariya don ba na rabuwa da littattafan soyayya. To, su suka koya mini karanta abu har ƙarshensa. Ina neman wani littafi a kwalayen ƙaura na ci karo da yarjejeniyarmu, na zauna na karance ta, na ga alkawarinku a rubuce. Sai da na rubuto sau huɗu kuka amsa cewa kuskurenku ne.

Na uku. Diyyar da kuka yanke rarar da kuka karɓa ce kawai, da ɗan ƙari na ban haƙuri. Gidan fa? Akwai ɗakin da na shafa wa fenti ruwan hoda da hannuna ina da cikin Husna, ban taɓa kwantar da ita a ciki ba. Kuma har yau sunanmu na cikin waɗanda suka gaza biya, duk mai gidan hayan da ya duba sai ya juya mana baya.

Kun ba mu mako biyu mu sa hannu cewa magana ta ƙare. Maigidana ya gaji, ya sa nasa. Kwana uku ke nan takardar tana kan firji, ba ma iya haɗa ido a gabanta.

Ina roƙonku ku goge tabon da ke kan sunanmu, ku sa asarar gidan cikin lissafi. Sannan ku rubuto wa maigidana da sunansa, a fili, cewa laifin naku ne. Ni na faɗa masa ya fi sau ɗari, bai yarda ba.

Takardar hannu biyu take buƙata, kuma nawa ba zai hau ba sai na ga wasiƙar da za ku rubuto masa.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare naka gidan.

Wassalam,
Maman Husna, Manchester