Ranar da Muka Binne Dattijo Yohana

Dungas, 12 ga Agusta

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ina su Yaya Barnaba da yara? Ni da surukarki Lidiya lafiya lau muke, kada ki sa komai a ranki.

Kin tambayi labarin ikilisiya. Tana nan. Yawancin mutanena malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da aka yi hutu duk sun tafi gida. Wata Lahadin daga Lidiya sai bencina nake yi wa wa'azi, amma ba ƙorafi nake ba.

Makon jiya Dattijo Yohana, tsohon da ke share mana majami'a, ya rasu. Ba shi da kowa a nan. Na tsaya a filin da za a binne shi da shebur ɗaya, na rasa ta inda zan fara. Sai ga maƙwabcina Maiwada da mutum shida na masallacinsu, sun baro noma.

Maiwada ya ce, "Fasto, ku ina kuke fuskantar da mamaci?"

Inna, shekara huɗu na yi a makarantar Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce, "Ku haƙa yadda kuke haƙa wa naku."

Suka haƙa. Da na fara addu'a suka ja gefe, amma ba wanda ya tafi sai da aka rufe kabarin. Tun ranar na daina ƙirga kawuna ran Lahadi.

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da littafin waƙoƙin Baba, nawa ruwa ya lalata shi. Ki sa mu a addu'a, har da Maiwada. Gobe zan shiga gonarsa in rama masa yinin da ya rasa.

Ɗanki,
Ishaya