Baƙar Robar Motar Babanka

Mairi, Maiduguri
9 ga Maris, 2016

Ɗana Abdulwahab,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal, ya tsare maka imaninka da sallarka. Mu nan Alhamdu lillahi. Ƙanwarka Muhsinat ta shiga aji biyu a jami'a, Mu'mina ta haddace izu goma. Ƙafata tana damuna in na daɗe a tsaye, amma da sauƙi. Gari ya ɗan lafa, kasuwa tana ci, ko da yake har yanzu sai an lalube mutum kafin ya shiga.

Na zaɓi rubutu ne saboda in na kira wayarka sai ka gaishe ni a tsaitsaye ka ce aiki. Shekara biyu da rabi ke nan rabonka da gida. Ranar sadakar uku ta Babanka ka fice ba sallama. Na san dalili, kuma yau zan faɗe shi, tunda kai ka kasa.

Babanka da gangan ya bar tsohuwar jif ɗinsa ta koɗe. Robar bamba ta gaba da bayan motar da ta saman tayoyi rana ta cinye su, sun koma kalar toka. Yakan ce a hanyar Dikwa mota mai ƙyalli motar hukuma ce ko ta ƙungiyar agaji a idon 'yan bindigar daji, gara a gan shi a matsiyacin mai jigilar wake. Kai ba ka nan lokacin da yake faɗin haka. Ka zo hutu, ka ga motar ubanka ta yi fari fat, zuciyarka ba ta so ba. Ka kai ta unguwar Bulabulin wurin Manasse mai gyaran jikin mota, ta dawo baƙa wuluk kamar sabuwa. Bayan kwana tara aka tare shi. Ni kuma da aka kawo gawarsa na dube ka a gaban mutane na ce wa ya aike ka. Maganar nan ba ta dace da bakin uwa ba. Na tuba ga Allah, kai ma ina neman ka yafe mini.

Ran Laraba da ta wuce Manasse ya zo gidan nan da matarsa Agnes. Ya tsufa sosai. Ya ce tun ranar da aka kashe Babanka ya daina aikin roba, kuma kunya ce ta hana shi zuwa gaisuwa. Sai da Agnes ta matsa masa ya buɗe baki. Ya ce kai bamba da robar tayoyi kawai ka sa aka yi. Washegarin da ka kai ta, Babanka da kansa ya koma da motar. Manasse ya zaci faɗa ya zo yi, har ya ce zai goge aikin da kalanzir, ko ya shafa mata ƙasa ta dushe. Babanka ya hana. Ya nuna masa murfin madubai da mariƙin ƙofofi da kuka manta, ya ce a yi su su dace da sauran. Ya zauna a benci yana kallo aka wanke su da sabulu da buroshi, aka jira suka bushe a inuwa, aka shafa baƙin rini da soso, ya sha iska, aka ƙara shafi na biyu. Manasse ya tuna masa hanyar da yake bi. Babanka ya ce ya fi shi sanin hanyar, amma ɗansa ne ya yi masa ado, ba zai zuba wa adon ƙasa ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ƙyallin ba shi da hannu ba. Ban sani ba. Ajimi, direban motar da ke bayansa da ya tsira, ya ce har motocin da suka ruɓe an tare ranar. Allah ne kaɗai ya sani, kuma shi ya rubuta kwanan kowa. Abin da na sani shi ne Babanka ya ga haɗarin da idonsa, ya zaɓi ya shiga motar yadda ka mayar da ita.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Wannan gudun da kake yi ba tuba ba ne, girman kai ne. Wane ne kai da za ka ɗauki ajalin mutum ka ɗora a kanka? Ka bar ƙannenka mata ba mai tsawata musu, ka bar kabarin ubanka ba ka sake tsayawa a kai ba. Na rasa miji a hanyar Dikwa. Ban yarda hanyar nan ta raba ni da ɗana ba alhali yana raye. Ka nemi izini wurin aiki ka zo kafin azumi. Umarni ne nake ba ka.

Ka gaishe mini da kawunka Babagana da iyalinsa, ka ce na gode da riƙon da yake maka. Muhsinat da Mu'mina suna gaishe ka. Allah ya jiƙan Babanka, ya yi maka albarka, ya kawo mini kai lafiya.

Mahaifiyarka,
Ya Kellu