Caji Kyauta a Lusail

Laraba da dare, Disamba 2022, Al Wukair

Yau halin gida ya kusa raba ni da aiki. Tun da kamfani ya ba ni motar lantarki in riƙa jigilar baƙin gasar ƙwallon duniya, hankalina ba ya kwanciya sai batir ya cika fal. Hukumar wuta ce ke biyan kuɗin cajin, ni kuwa a kasuwa na tashi, na san abin kyauta bai cika daɗewa ba.

Da la'asar a wurin caji na Lusail batir ya kai kashi tamanin, daga nan kuma rarrafe yake yi. Baƙi na jirana a otal, ga manaja ya ce wanda ya sake makara ya ajiye makulli. Duk da haka na zauna.

Baba Isa, mai gadin wurin, ɗan Kumasi, ya leƙo ta taga. "Ɗan Kano, me kake jira?"

"In cika kafin a ɗauke wuta, Baba."

Ya yi dariya har da dafa mota. "Tun da na zo ƙasar nan ban ga an ɗauke ba. Yalla, maza cire, mutane na layi."

Na cire. Ina isa otal baƙin na fitowa. Makulli dai yana aljihuna.

Wayata kuwa tun magariba ta cika, har yanzu na kasa zare ta daga caji.