Abin da Ya Yi Kama da Wata a Fagada

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da ke tsara zirga-zirgar jirage a sararin samaniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin lissafi ne mazaunin gundumar Jega Magaji, kuma ina cikin dattawan da ke fita duban wata a yankinmu.

Na ɗaya. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban da ya gabata, bayan magariba, mutanen ƙauyen Fagada suka hango wani farin abu yana ƙyalli a yamma. Malam Ummaru mahauci, mutumin da ko a kan sikeli ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya ce ya ga wata. Kafin in isa, mata sun fara dakan furar sahur, wani makiyayi kuma ya buga waya Liba da Aliero. Da na duba, sai na ga abin ba shi da ƙaho, ya kuma ƙi faɗuwa. Balan-balan ce ta sadarwa, irin masu shawagi can sama da hanyar jiragen fasinja, inda rana ke haska su bayan ta faɗi a wurinmu. Malam Ummaru ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe yanzu har wata ana yin jabunsa.

Na biyu. Wannan sanin ba nawa ba ne. Ɗana Nasiru, wanda ya karanci aikin jirage, shi ya koya mini. Duk shekara yakan tsaya gefena ya faɗa mana abin da ke sama kafin wani ya ba da shaida. Allah ya karɓi abinsa bara. Bana ni kaɗai na tsaya, idona kuma ba na jiya ba ne.

Na uku. Da na nemi sanin mai balan-balan ɗin, kowane ofishin da na je ya ce tsayin da take shawagi ya wuce huruminsa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a samar da ofishi guda da zai san duk abin da ke yawo a wannan ƙoli, da mai shi, da hanyarsa. A riƙa sanar da masu duban wata ta rediyo, da Hausa da Fillanci, kafin ƙarshen kowane wata. Bai kamata azumin gari guda ya rataya a kan tsoho ɗaya da abin da ya riƙe daga bakin ɗansa ba. Sha'aban zai dawo. Ko ina nan ko ba na nan, ina so Malam Ummaru ya ba da shaida a kan watan gaskiya.

Allah ya yi riƙo da hannunku, ya raya muku zuriya.

Wassalam.

Mahaifin marigayi Nasiru,
Jega.