Addu'ar da Suka Mayar Igiya

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa zuwa sujada ba sanda, amma kin san halinta, ki sa ido kada ta ce ta warke ta koma ɗaukar bokitin ruwa. Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma muna nan lafiya. Matata cikinta ya tsufa, sai ƙorafin ciwon baya. 'Yarmu takwararki kuma tana haƙori, duk abin da ta samu sai baki, har igiyar takalmin aikina ba ta bari ba.

Yaya, na zauna na rubuta ne maimakon in kira, don in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba, kuma ba na so maganar ta shiga kunnen Inna. A tsorace nake. Kin san aikinmu, fentin bangon waje na dogayen benaye. Ana haɗa ƙarafa a jikin gini, a shimfiɗa katakai, mu tsaya a kai da bokiti da burushi. Kowa yana da bel mai igiya, a ƙarshen igiyar akwai ƙugiya da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, in ƙafa ta zame ita ce za ta riƙe mutum. Kin kuma san ƙanenki, wanda ya hau bishiyar ƙofar gida ya kasa saukowa, sai da kika hau kika sauko da shi yana hawaye da majina. Har yau ban canja ba. Shi ya sa kullum kafin in hau nakan koma gefe in sunkuyar da kai in roƙi Ubangiji ya tsare mu. Abokan aiki suka laƙaba min Fasto, ni kuwa ko a jikina.

A cikinmu akwai wani da muke kira Sarkin Sama, don yana tafiya a kan katako kamar a tsakar ɗakinsa. Mutumin kirki ne, ga barkwanci, yana da tagwaye ƙanana a gida. Wata safiya ya zo tsokanata, ya cire hular kwano ya durƙusa, wai Fasto ya sa masa albarka. Ni kuwa na yi masa addu'ar da gaske. Kafin rana ta take, katakon da yake kai ya karye. Da idona na gan shi ya tafi, sai igiyar ta fizge shi, yana ta reto a sama, bokitinsa kuma ya tarwatse a ƙasa. Ko ƙwarzane bai yi ba. Da aka jawo shi, ni ya fara runguma.

Daga ranar aka daina yi min dariya. Kowace safiya sai su kewaye ni in yi addu'a. Mai waldarmu, wani dattijo da magana ba ta dame shi ba, ya riƙa zama kusa da ni lokacin cin abinci yana tambayata game da Yesu, har ya bi ni majami'a. Farin ciki kamar in tashi sama. Na ce ashe Allah yana iya aiki da matsoraci irina. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙin hawa suka yi, sai da suka kira ni a waya na yi addu'a daga cikin bargo. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya ta.

Da na koma ne na ga abin da ya sanyaya min jiki. Ƙugiyoyi suna ta lilo a ƙugun mutane, ba wanda ya maƙala tasa. Dama sun tsani igiyar, don in mutum zai matsa sai ya cire ya sake maƙalawa, ga zafi, ga ɓata lokaci. Na tambayi Sarkin Sama, ya dafa kafaɗata ya ce tunda Fasto ya yi addu'a, igiyar ta sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Na ce masa igiyar nan ce fa Allah ya yi amfani da ita ya cece shi. Ya ce tawali'u ne kawai nake yi. Na ba su labarin nan da kika koya mana a makarantar Lahadi, yadda Shaiɗan ya kai Ubangijinmu can ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo, shi kuwa ya ƙi gwada Allah. Suka ce labari ya yi daɗi, suka hau abinsu. Na kai ƙara wurin shugaban aiki, ya ce zai duba, amma na ga bakinsa ya ƙi rufuwa don aikin yana sauri. Yaya, tun daga nan abinci ya daina shiga. Ko cokali ya faɗi a gida sai gabana ya faɗi. In ɗayansu ya faɗo, ni ne na cire masa ƙugiya da bakina, kuma sunan Yesu za a kira a kan gawarsa.

Ranar Litinin da ta wuce suka kewaye ni kamar kullum, na ce ba zan yi addu'a ba sai kowa ya yi alkawarin maƙala ƙugiyarsa. Mai walda ya ce shi bai taɓa jin Kirista yana rowar addu'a ba, maganar da ta fi mari ciwo. Sarkin Sama kuwa ya ce ba komai, in ya faɗo alhakin 'ya'yansa yana wuyana. Ya kama ƙarfe ya haye har hawa na ƙarshe, ga iska tana kaɗawa, ƙugiyar tana dukan cinyarsa.

Ban taɓa zuwa hawan ƙarshe ba, kullum sai in san dabarar da zan tsaya a tsakiya. Ban san lokacin da na bi shi ba. Ina hawa ina maƙala tawa, ina cirewa, ina sake maƙalawa, motocin ƙasa sun koma kamar ƙwari. Da na isa ban iya miƙewa ba, da rarrafe na bi katakon. Ya ba ni baya yana fenti. Tsorona kada in taɓa shi ya firgita, sai na kira shi a hankali, na kamo ƙugiyarsa na maƙala a ƙarfe. Sannan na yi addu'ar, a duƙe, ina kuka kamar yaron nan na kan bishiya. Ya juyo ya kalle ni, sai ya tambaye ni wai dama ni ma ina jin tsoro. Na ce kullum, shi ya sa nake addu'a, shi ya sa kuma nake maƙalawa. Shi ya riƙo ni muka sauko, kuma ranar bai sake hawa ba ƙugiya ba.

Kada ki ɗauka an gama. Har yau ba ya min wasa kamar da. Mai walda bai zo majami'a ranar Lahadi ba, na yi ta waiwayen ƙofa har aka tashi. Wasu sun ce Fasto na bogi ne, tunda an ga hawayensa. Waɗanda suka rage, yanzu a hawa na farko muke addu'a, kuma ba na cewa amin sai na ji ƙarar ƙugiyar kowa a jikin ƙarfe. Jiya sai da na yi ta jan addu'ar, na roƙa wa marasa lafiya, na roƙa wa matafiya, na rasa wanda zan ƙara, kafin in ji ƙarar ƙugiyar Sarkin Sama. Ga shi ɓangaren da ya fi tsayi ne ya rage mana, ban kuma san abin da Sarkin Sama yake yi ba in na juya baya.

Ki gaishe min da Inna, ki ce mata aiki lafiya lau. Ki gaida maigidanki, da Kawu, da Gwaggo, da autarmu, da yara duka. Matata tana gaishe ki, takwararki ma ta sa hannu, ga shaidar yawunta nan a gefen takarda. Abu ɗaya nake roƙonki, Yaya. In kin tashi da safe kin durƙusa, kada ki roƙa a cire min tsoron nan, na ga amfaninsa. Ki roƙa gobe ma in ji ƙarar ƙugiyar mutumin nan kafin in ce amin.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ni ne ƙanenki,
matsoracin nan naki.